Karofin da Muke Faɗa wa Mafarki

A ƙarƙashin gidanmu akwai gari. Ban ce lallai ka yarda ba. Ni ma sai da na gan shi da idona, kuma da an bar ni da zaɓina da ban gani ba, don ni mutum ne da ko rijiya ba na leƙawa sai wani ya riƙe mini riga ta baya.

Sunana Hashimu, ɗan Ilu. Ina sayar da bokitai da robobin wanka a bakin kasuwar Tudun Baure. Kakannina marina ne, kuma an ce shuninsu ba ya koɗewa: riga ta tsufa, ta yage, ta koma tsumma, launin yana nan yadda aka fito da shi. Ni kuwa in bokitina ya yi wata guda a rana bai yi fari ba, sai in yi hamdala. Abin da na gada daga gare su bai wuce gida ba, da sanƙo, da karofi guda a bayan ɗakin Gwaggo Tabawa, wato ramin nan mai zurfi da ake jiƙa shuni a ciki ana tsoma tufa.

Sai kuma al'ada ɗaya. A gidanmu ba a fara faɗa wa mutum mafarki. In ka farka da shi, ba ka gai da kowa, ba ka amsa gaisuwar kowa, ko da uwarka ce. Sai ka zagaya bayan ɗaki, ka ɗaga murfin karofi, ka sunkuya ka faɗa masa abin da ka gani, ka motsa ruwan da muciya, ka rufe. Sannan ka dawo ka ce ina kwana. An ce kakanmu na farko, Jatau, shi ya ƙulla wannan da Uwar Karofi: ta ba shi launin da ba ya mutuwa, shi kuma ya ba ta mafarkin gidansa, har na matan da za a auro. Matata Larai ta yi ta gunaguni a shekarar farko, daga baya ta fi kowa sammakon zuwa. Ni dai na daɗe da hutar da karofin, don rabona da mafarki tun ina da gashi. In na kwanta, ni da buhun gero ba mu da bambanci.

Rini aikin maza ne, amma da mazan gidanmu suka watse, wannan ofis, wancan tasha, ni robobi, sai Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, ta ɗauki muciya. Karofi abu ne mai rai. Kullum sai an motsa shi, an ƙara masa toka da shuni, in ba haka ba ya mutu. Ita ta riƙe shi har wata damina, da ta kwanta ba ta tashi ba.

To akwai wata al'adar ta marina: in mai karofi ya rasu, ana rufe karofinsa, ba mai taɓawa sai an yi sadakar arba'in. A da, da ramukan rini ke da yawa a gidan, ba abin da wannan ke ɓatawa, sai a koma na kusa. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa yanzu guda ne ya rage. Muka rufe shi cikin ladabi, muka ɗora dutse a kai, kowa ya haɗiye mafarkinsa. Ranar da muka buɗe, babu ɗigon ruwa. Ƙasan ramin ya tsage, wata iska mai sanyi tana fitowa ta tsagar.

A lokacin 'yata Mardiyya tana zaune a wurinmu da 'yarta Bushira, don mijin ya yi tafiyar aiki, aka ba su ɗakin Gwaggo. Bushira shekararta shida, tana da wushirya da baki kamar reza. Ba ta kirana komai sai Tsoho. In na shigo gida sai ta sanar da mutane cewa cikin Tsoho ya iso, shi ma yana tafe. Ni kuma in ce da ita Ƙwailar Gida, in yi barazanar sayar da ita a sayo mini akuya mai kunya.

Wata rana bayan ta tashi daga barcin rana, sai ta same ni a zaure. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta dafa gwiwa tana nishi irin na tsofaffi. Ta dube ni, da muryar Gwaggo Tabawa sak, ta ce, "Ɗan Ilu, kun kashe karofi da ladabinku. Abin da ke ƙasa yana tasowa, ya kuma sami farin ƙyalle. Baya-baya yarinyar nan za ta yi ta yi, in ta kai Jatau babu kowa a bayansa, ba za ta farka ba. Ka sauka da rana tsaka. Kada ka gai da kowa, kada ka amsa gaisuwar kowa, sai ka faɗi mafarki."

Na ce ai ni ba na mafarki.

Ta ce, "Ka dai rage ciki, bakin ramin ba shi da faɗi."

Na yi dariya har da hawaye, na ba ta alewa, na ce wa Larai yarinyar nan ta iya kwaikwayo. Larai ba ta yi dariya ba. Ta kamo hannun yarinyar ta nuna mini faratanta. Sun yi shuɗi.

Washegari Bushira ta farka da tarin mahaifina, tana tambaya wa ya taɓa masa rediyo. Bayan nan ta farka tana kakana Sallau, tana faɗa a kan jakin da aka bari ba ruwa. Daga nan sai mutanen da ba mu sani ba: wata mai kukan ɗanta da yunwa ta ɗauke, wani mai tambaya ko an rufe ƙofar ganuwa, a garin da ganuwarsa ta zama gona tun kafin a haifi kakana. Kullum barcin yana ƙara tsawo, shuɗin yana hawa, daga farce zuwa yatsu, daga yatsu zuwa wuyan hannu. Aka kai ta asibiti, suka ce lafiyarta lau. Aka yi rubutu, aka yi addu'a. Hausar da take yi ta tsufa har muka daina gane rabinta. Mardiyya ta daina cin abinci. Tana zaune kusa da ita tana kiran sunanta a hankali, yarinyar tana dubanta kamar baƙuwar da ta shigo gidan mutane ba sallama.

Ranar da Bushira ta wuni ta kwana ta sake wuni ba ta buɗe ido ba, na ɗauko igiyar guga. Larai ta ɗaura ɗaya bakin a jikin bishiyar dalbejiya, ta ce in na ga ba zan iya ba in ja igiyar, ita ma dai ba ta san abin da za ta yi ba in na ja. Rana tana tsaka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Na yi bisimilla na zura ƙafafu. Maganar Gwaggo ta tabbata, na maƙale a tsakiya, rabi a duniya rabi a wani wuri, sai da Larai ta dafa kafaɗuna ta danna.

Tsagar da ke ƙasan ramin ta buɗe kamar baki. Igiyar ta ƙare, na sauka a kan wani ɗan tudu da ya fito daga bango. Ƙasa da ni babu komai sai duhu mai launin shuɗi. A gefena wani dogon mutum yana tsaye ya ba ni baya. Na zagaya don in ga fuskarsa, na tarar da wata ƙeyar. Ƙeya biyu gare shi, ba ido ba baki, muryarsa kuma daga ƙarƙashin ƙafafuna take fitowa. Bai gaishe ni ba, na gode masa a zuci.

Ya ce, "Ya kai mai nauyin jiki, nan ƙofa ce, kuma ba a sauka sai da suna. Ɗan wane ne kai?"

Na ce ɗan Ilu. Sai matakala guda ta fito daga bango. Na taka. Ya ce Ilu ɗan wa, na ce ɗan Sallau, wata ta fito. Ya ce Sallau fa. Na ce ina jin Nomau. Rabin matakala ya fito, siriri, yana rawa. Na tsaya a kai da yatsun ƙafa.

"Nomau ɗan wa?"

Na ce daga nan dai sai Jatau.

Ya ce, "Tsakanin Nomau da Jatau akwai mutanen da suka yi noma, suka yi rini, suka binne 'ya'yansu, suka haifi waɗanda suka haife ka. Ba ka riƙe ko ɗaya ba?"

Na ce, ranka ya daɗe, na san farashin bokiti iri-iri. Ya ce to sauran hanyar da faɗuwa zan yi ta. Rabin matakalar ya koma cikin bango.

Na faɗi har na gaji da ihu na yi shiru. Na sauka a kan wani abu mai laushi da danshi, na tashi na ga fili ne wanda ba a ganin ƙarshensa, an ja igiyoyi ko'ina, an shanya tufafi a kansu. Babu rana, babu iska, amma tufafin suna motsi, kowanne yana ɗiga, kowanne kuma yana raɗa da muryar mutum. Waɗanda ke kusa shuɗi ne mai haske, na can nesa sun yi baƙi kamar turkuɗi. Na gane mafarkan gidanmu ne, tun daga na farko. Na kuma ga abin da ya tsinka mini zuciya: igiyoyi da yawa sun zama wayam, ga tufafin can suna tashi sama ɗaya bayan ɗaya, suna bin hanyar da na faɗo.

Tsakanin layukan akwai 'yar siririyar hanya, wadda aka yi don mutanen da, masu cin tuwo sau ɗaya. Na tsuke ciki, na bi ta a karkace. Na yi nisa ban taɓa komai ba, har na fara yabon kaina. Sai numfashi ya ƙare mini, cikin ya koma mazauninsa, ya shafi wani mayafi.

Nan take na zama mahaifina. Saurayi ne ni, ban yi aure ba, ina kwance a zaure. Ina ganin wani ƙaton mutum mai sanƙo a cikin rami, yana tafe a karkace tsakanin shanya, yana kuka ba sauti, yana neman wata yarinya. Ban san shi ba, amma tausayinsa ya cika ni, ina so in ce masa ya bi gangare, bakina ya ƙi buɗewa. Na farka da tsoro, na ruga bayan ɗaki.

Sai ga ni kuma a tsaye, ni Hashimu, mayafin ya manne a kafaɗata. Na shafa fuska na ji hawaye. Mahaifina ya gan ni a wannan rana tun bai san uwata ba, ya ɗauka mugun mafarki ne. Na dubi sauran tufafin, na yi tunanin nawa ne a cikinsu mu ne, mu da robobinmu da fitilunmu, muna firgita mutanen da suka riga mu. Mu muna mafarkinsu muna cewa sun wuce, su suna mafarkinmu suna neman tsari. Na bi gangare.

Gangaren ya kai ni garin. Titi ɗaya ne, yana sauka, gidaje dama da hagu, kuma duk gidan da ka duba gidanmu ne. Na farko da rufin kwano da eriya. Na gaba da shi soro ne ba kwano. Na gaba dalbejiyar ƙarama ce, na gaba babu ita sam, sai kuka. Haka yake ta ƙanƙancewa har ya koma bukka. Mutanen garin ba matattu ba ne, matattu suna inda Allah ya ajiye su. Waɗannan abin da suka bari ne a bakin karofi, kamanninsu na cikin barci. Suna zaune a ƙofofi, kuma dukansu masu son gaisuwa ne.

Wani tsoho ya ce sannu da zuwa. Na wuce. Wata ta ce ina gajiya, ina mutan gida. Na sunkuyar da kai. Aka fara magana a bayana: ɗan wane ne wannan, ga girma ba tarbiyya, ko kurma ne, a'a ƙoshi ne ya toshe masa baki. Ni da ko ɗan acaɓa ya zage ni sai na ce masa ya aiki, sai ga ni ina ratsa kakannina kamar jaki. Wani ya yi mini cikakkiyar sallama, amsar ta zo har kan harshena, na cije shi. Na lura duk wanda ya gaishe ni, gefensa akwai tabarma shimfiɗe ba kowa a kai. Na gane tawa ce: in na amsa, a nan zan zauna.

A ƙofar gidan da dalbejiyarsa ba ta fi tsayina ba, wata mace tana tankaɗe. Yarinya ce ɗanya, ba ta kai Mardiyya ba. Na san tankaɗen kafin in san fuskar. Ni ɗan fari ne. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. In za ta yi magana da ni sai ta dubi bango ta ce a gaya wa yaron nan abinci na sanyi. Ko a ciwon ajalinta, da na riƙe hannunta, kawar da kai ta yi don kunya.

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, ta yi murmushi.

Ta ce, "Hashimu. Hashimu na. Ka kwana lafiya?"

Ashe a mafarki tana kira. Ashe abin da take zagayawa bayan ɗaki tana faɗa wa rami ke nan, sannan ta dawo ta dubi bango. Na tsaya. Tabarmar da ke gefenta sabuwa ce, inuwa ta rufe ta. Kalma ɗaya kawai ake nema a wurina, kuma na yi shekara hamsin da wani abu ina ajiye da ita. Na cusa gefen mayafin mahaifina a baki na cije. Na durƙusa har ƙasa, yadda ake yi, ban ce komai ba. Na tashi na wuce. Ta ci gaba da kira a bayana, ba da fushi ba, tana dai jin daɗin sunan a bakinta. Har yau in ana tankaɗe a gida, fita nake yi.

A ƙarshen titin, bayan bukka ta ƙarshe, akwai karofi mai faɗin tafki, saura ɗan ruwa a gindinsa. A bakinsa Uwar Karofi take zaune. Tsayinta a zaune ya fi dabino. Fatarta ta tsattsage kamar ƙasan fadama da rani, gashinta zare ne jiƙaƙƙe, idanunta biyu kumfa ce mai sheƙi irin wadda ke taruwa a kan shuni. A tafin hannunta Bushira ce kwance, tana barci. Tufafin nan da na ga suna tashi, ashe nan suke biyowa kafin su hau: kowanne sai ya sauko ya lulluɓe yarinyar, ya narke a jikinta. Uwar Karofi ta tsoma ta a ruwan, ta ɗago ta. Ta fito kore shar, sannan a hankali ta rikiɗe shuɗi. Wuyanta kaɗai da fuskarta suka rage.

Ta ce, "Sannu da isowa, jinin Jatau."

Wannan ce gaisuwa ta ƙarshe, kuma ta fi sauran haɗari. Ban amsa ba. Na rarrafa zuwa bakin ruwan, na sunkuya yadda na ga ana yi tun ina yaro. Ba ni da mafarki nawa, sai na aro. Na faɗi na mahaifina, da ƙaton mai sanƙo, da shanya, da bakin da ya ƙi buɗewa. Ina gamawa mayafin ya zame daga kafaɗata ya nutse. Ruwan ya yi ƙara, ya ɗan ƙaru, kumfa ta taso. Babu muciya, na zura hannu na motsa. Sannan na ɗago na ce, "Yauwa, ranki ya daɗe. Mun same ku lafiya?"

Ta daɗe tana duban ruwan. Ta ce, "Ba ku same mu lafiya ba. Kun rufe ni da dutse kuna kuka, na ji ku. Ban ƙwace muku kowa ba, ya ɗan masu rini. Ajiya aka ba ni, ruwan da ke riƙe ta ya ƙafe, ajiya ta tashi tana neman jininta. Ta sami farin ƙyalle. Ni aikina tsomawa."

Na tambaye ta saura nawa. Ta nuna mini bayanta. Tufafi ne baƙaƙe, tuli guda, suna jiran layi, a can ƙarshensu wani ɗan ƙaramin ƙyalle wanda ya fi duhu baƙi. Ta ce wannan na Jatau ne.

Duk rayuwata ban iya komai ba sai ciniki, don haka na gyara tsugunno. Na ce, ranki ya daɗe, ai kin ga abin da ya faru yanzu. Mafarkin da aka sake yi aka sake faɗa, komawa yake ya kwanta, har ruwa ya ƙaru. Yarinyar nan ba ta san ta faɗa ba, sha kawai take yi. Kuma ke kin fi ni sani, sabon ƙyalle marar kauri nan da nan yake ƙoshi, in aka matsa masa ya ruɓe. Na buɗe hannuwa na nuna mata kaina, gaba da baya.

Na ce, "Dubi wannan. Tsohon gwado ne, ga kauri, ga faɗi, kuma shekara da shekaru ba a tsoma shi ba. A ina za ki sami mai shan shuni kamarsa?"

Wani sauti ya fito daga ƙirjinta, kamar ana motsa karofi. Ina jin dariya ce.

Ta ce, "Ka san abin da kake saye? Wanda ke jikinta zai dawo kanka, da wanda ke jira. Duk barcin da za ka yi na wani ne. Za ka yi ta komawa baya, ɗaya bayan ɗaya, kana faɗa kana motsawa, ba fashi. Gwado a hankali yake sha, za ka daɗe. Amma layin yana da ƙarshe."

Na ce in na kai na Jatau fa?

Ta ce, "Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa kaiwa. Wataƙila ka farka."

Na so in nemi ragi, don sabo. Sai na dubi fuskar Bushira, shuɗin ya fara taɓa haɓarta. Na ce na saya.

Ta ajiye yarinyar a hankali, ta ɗauke ni da yatsu biyu, har ta ɗan yi nishi, abin da ban ji daɗinsa ba. Ta tsoma ni. Sanyin ya shiga har ɓargo. Muryoyi suka cika mini kai, masu kuka, masu dariya, masu kiran awaki, mai tambayar ƙofar ganuwa. Na ji ruwan yana ƙaruwa, yana ɗaga ni, ya wuce bukkoki, ya wuce soraye, ya wuce filin shanya. Na hangi mai ƙeya biyu na wuce shi ba ko matakala.

Larai ta ce tana zaune riƙe da igiya sai ta ji warin shuni, ta leƙa ta ga karofi ya cika har baki, ga ni ina yawo a kai kamar ƙwarya. Maƙwabta suka taru aka jawo ni. Ta ce na fito kore kamar ganyen rama, suna kallo na koma shuɗi. Allah ya taimake ni, ni baƙi ne, abin bai zauna ba sai a tafin hannu, da farce, da harshe. Ba sabulun da ban gwada ba.

Ina kwance a tsakar gida ina aman ruwa, sai na ji 'yar murya daga ɗakin Gwaggo tana cewa yunwa take ji. Mardiyya ta fito da ita a kafaɗa. Hannayen yarinyar fes. Ta leƙo ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Tsoho, wa ya wanke ka da bula?"

Yanzu ni ke riƙe da muciya. Na koyi sa toka da shuni a hannun wani tsohon marini da ke ƙauye, ya ce bai taɓa ganin almajirin rini da ya zo da hannunsa a rine ba. Kullum in na farka ba na kula kowa sai na zagaya bayan ɗaki. Na wuce mafarkan Gwaggo, na wuce na mahaifina. Na uwata sun ɗauke ni damina guda, ban yi gaggawa ba. Na wuce Sallau. Nomau ashe ba uban Sallau ba ne, wansa ne, shi ya sa matakalar ta fito rabi. Uban sunansa Barmo. A cikin barcin mutane nake jin ana kiran sunayensu, in na tashi na gama da karofi sai in koya wa Bushira, muna rerawa kamar waƙar tashe: Ilu ɗan Sallau, Sallau ɗan Barmo, Barmo ɗan Gaje mai hannun hagu. Tana cewa sunayen ƙauyawa ne. Ina cewa ta dai riƙe, wata rana za ta taka su.

Barcina yana ƙara tsawo, kaɗan-kaɗan. Larai ta lura, takan zauna kusa har in buɗe ido. Hausar da nake ji a can ta fara yi mini wuya.

Mafarkin aro ba ya barin kai gaba ɗaya, kuma tunda karofi ya riga ya ji na shekaranjiya, ba laifi in faɗa. Na wata mata ce da ta rayu tun gidanmu yana bukka biyu. Ta ga wata tsohuwa tukuf a bayan wani ɗaki mai rufin ƙarfe, tana motsa karofi, tana da wushirya. Tana motsawa tana rera sunaye, kuma sunan da ta fara da shi, kafin Ilu, kafin Sallau, wani ne wai shi Hashimu. Matar ta farka a tsorace, don ba ta san kowa a cikinsu ba.

Yau da safe ina zaune a ƙofar ɗaki Bushira ta fito, ido a kumbure. Na ce Ƙwailar Gida, an tashi lafiya? Ta wuce ni kamar ba ta ga mutum ba, ta zagaya bayan ɗaki. Na ji ta tana kokawa da murfin, ya fi ƙarfinta. Ban tashi na taimaka ba. Can na ji ya buɗe.